Bakan da Aka Gaigaye

"Tir!" Sagindik ya ture bakan da ɗan yatsa, ya goge hannu a wando.

Ni na ɗauko masanin takanas daga gidan tarihi, ya zo ya duba bakan harbin da na gada, na mahaifin Ulbolsin, kakata. Na riga na cika ƙauye da baki cewa za a kafe shi cikin gilashi da sunan zuriyarmu.

"Da ƙaho na gaske aka yi shi, tsohon aiki," in ji shi. "Amma ina jijiyar da ake manne wa bayansa? An gaigaye ta tas. Dubi sawun haƙora. Kun bar wa ɓeraye dukiya."

Abin da nake sumbata tun ina yaro, ashe yawun ɓera nake lasa! Na juya kan kakata, tana ta zuba mana shayi.

"Kaka, wace irin ƙazanta ce wannan? Akwati guda ya gagare ki? Kin ba mu kunya gaban baƙo!"

Ta ajiye butar. Ta jawo bakan kan cinyarta tana shafawa.

"Ɗan nan, a shekarar yunwa ɓerayen ai mun cinye su tun kafin ƙanƙarar hunturu ta sauka."

Ta ɗora yatsa kan sawun da ya fi ƙanƙanta.

"Wannan nawa ne. Waɗannan na yayyena uku ne. Ni kaɗai na rayu na ga narkewar ƙanƙarar."