Sumbar 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari, don haka ko sunana Mama ba ta kira, balle ta sumbace ni. Wai kunya. Wata rana ta zo ɗaukata a makaranta a Greensboro ta Amurka, na ga wata Baturiya ta sumbaci 'yarta. Ina shiga mota na ce, "Mama, ba kya sona ne?"

"Ke, ɗaura bel ɗin mota."

Na ƙi. Ta waiga hagu da dama, ta lulluɓe mu da mayafinta mai ƙamshin humra, ta sumbaci goshina.

"In kakarki ta ji a Damagaram, ni da ke ne."

Yanzu a gabanta nake sumbatar tawa 'yar farin. Takan ce ba ni da kunya, sannan ta miƙo hannu a ba ta jikarta.