Wilf Bai Taɓa Ganin Ci Ba

"Tashi ka je ka sayo burodin nama, Wilf," in ji abokinsa Norman, yana zungurinsa. "An kusa tashi, kuma ana cin mu."

Wilf ya ƙanƙame kujerarsa. Tun yana saurayi mutanen garinsu a Yorkshire suka camfa shi, wai ƙungiyarsu ta ƙwallon zari-ruga ba ta ci sai ba ya wurin. Da wasa ya yi zafi sai a kora shi rumfar abinci, ya riƙa jiyo ihun murna daga waje, bakinsa cike da nama. A can ma ya haɗu da mai rumfar, Doreen, har suka yi aure.

Yau kuwa wasan ƙarshe ne kafin a rushe filin.

"Ko sama da ƙasa za su haɗe, yau sai na gani da idona," in ji Wilf.

'Yan kallo suka dinga kiran sunansa, suna nuna masa ƙofa. Sai Doreen, da ke zaune a bayansa, ta miƙe da sandarta.

"Ku ƙyale min miji. Camfin nan ni na ƙirƙiro shi. Yaro kyakkyawa, ga kunyar tsiya, da me kuke so in jawo shi rumfata?"

Wilf ya juya ya saki baki yana kallonta. Daidai lokacin filin ya kaure da ihun murna, ƙungiyarsu ta ci.

Norman ya rungume shi yana hawaye. "Ashe ba sai ka fita ba, tsoho. Juya baya ma ya wadatar."