Aladu Biyu da Mai Raɗa wa Kwamfuta Suna

Na rasa aladu biyu, da akuya, da buhunan gishiri, da sunan da na yi a kasuwar Kafanchan na matar da ba a taya mata. Na samu suruki. Ku ku auna.

Tun da mai gidana ya rasu, kiwon alade ne ya riƙe ni da 'yata Edna har ta gama jami'a. Ni ban wuce aji uku ba, amma dillalin da zai ci riba a kaina ba a haife shi ba tukuna.

Edna ta kawo Martins, wanda take son ta aura, daga Abuja, kamfani ɗaya suke aiki. Yaro mai ladabi, takalminsa ma a bakin ƙofa ya cire. Na tambaye shi sana'arsa.

"Mama, ina sa wa kwamfutoci suna."

Na ce ya maimaita. Ya ce kamfaninsu na ba da hayar kwamfutocin da ba a taɓa su da hannu, a intanet suke zaune. Kowace sabuwa tana fitowa kamar 'yar'uwarta sak, har sunan ɗaya, sai saƙon wannan ya shiga waccan. Shi ne yake bin su ɗaya bayan ɗaya yana raɗa musu suna.

Wannan na gane. Ni ma fenti nake shafa wa aladuna ranar kasuwa don kada su ɓace cikin na wasu. Na tambaye shi guda nawa ne. Ya ce ɗaruruwa.

Ɗaruruwa! A raina na ce wannan makiyayin ba ƙarami ba ne. Ranar na kira Kumai, ƙanin mijina, wanda zai zauna a kujerar uba, na faɗa masa kayan auren da za a nema: aladu biyu, da akuya, da buhunan gishiri. Ya ce, "Matarmu, yarinya za mu aurar ko fili za mu sayar?" Na ce ya faɗi nawa ya taɓa biya mata kuɗin makaranta.

Wajen Ista abubuwa suka yi mini daɗi. An ƙara wa Edna girma, wai ta sauƙaƙa wa kamfani wani aiki. Ta aiko aka sauya mini kwanon rufi. A zumuntar mata na ba da shaida har sai da matar Fasto ta taɓa agogonta.

Martins kuwa ya fara ja da baya. An sa rana, ya ɗaga. An sake sawa, ya aiko a rage alade ɗaya. Na ce ko wutsiya ba zan rage ba. Edna ta kira ni tana kuka, na ce ta bari, kuka ba ya rage farashi, na ga na dillalai da yawa.

Ƙarshe dai suka zo, shi da kawunnansa daga Gidan Waya, hannu kusan wofi. Yaron ya rame, wuyan rigarsa na yawo. Ya durƙusa.

"Mama, gaskiya ita ce ba ni da aiki tun Ista. An rubuta wani tsari, yanzu kowace kwamfuta tana fitowa da sunanta da kanta. Ba sa bukatata."

Edna tana gefe, tana ta kallon tabarma.

Na ce to an gama magana, ba zan ba da mai digiri ga mai zaman banza ba. Amma yaron ya ba ni tausayi, kuma idan na ji tausayi bakina ne yake fara aiki. Na miƙe, na gyara ɗaurin zani, na ɗaga hannu sama a gaban kowa.

"Duk wanda ya zauna ya ƙirƙiro abin da ya cire abinci daga bakin yaron nan, Ubangiji Ya sa shi ma kada ya ga ranar aur..."

Martins ya yi tsalle ya riƙe ƙafata. "Mama, don Yesu, kada ki ƙarasa!"

Na yi mamaki. Mutum ya hana a zagi wanda ya cuce shi? Sai Edna ta taso, ta ja ni bayan ɗaki, ta yi mini magana a kunne, gajeriya.

Na dawo na zauna. Na sha ruwa. Kumai ya ce, "Matarmu, ƙarasa addu'ar mana." Na ce maƙogwarona ya bushe.

Kaza ɗaya na karɓa, ramammiya, domin ba a tsawwala wa yaron da 'yarki ce ta rubuta abin da ya cinye aikinsa.