Zoɓon Makon Awo

Duk wanda ya zo yana gunagunin cewa lokacin sabunta takardar lafiyarsa ya sake zagayowa, malaminmu na tuƙin jirgin sama, Kyaftin Barau, ba ya yi masa faɗa. Kujera yake ja masa, ya ce, "Zauna, ɗan'uwa, ka ji wani misali." Ga shi yadda yake bayar da shi.

An yi wani manomin shinkafa a bakin fadama, wanda Allah ya buɗa wa, ya je ya koyi tuƙi da girmansa, ya sayi ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu. Ba haya yake yi ba, ba fasinja yake ɗauka ba. Shi dai ya tashi da hantsi ya ga gonakinsa a shimfiɗe kamar tabarmi, ya ga balbelu a ƙarƙashinsa maimakon a bisa kansa, shi ke nan duniya ta yi masa daɗi. To, ka san ƙa'ida: lasisin tuƙi ba ya aiki sai da takardar likita, takardar tana da wa'adi, kuma da mutum ya haura arba'in sai wa'adin ya gajarta. Daidai wannan lokaci ne mutumin ya fara jin ƙeyarsa tana sara da safe. Wani lokaci idan ya miƙe daga kan buzu sai bango ya ɗan juya masa. Ya je kemis aka ɗaura masa abin awo a hannu, mai kemis ya dubi allurar abin awon, ya dube shi, ya ce jininsa ya hau. Tun daga nan tsoro ya shige shi, ba na ciwon ba, na takardar. Sai ya ɗauki ganin likita kamar jarrabawar makaranta, wadda ake yi wa shiri a ci a manta. Da makon awo ya gabato sai ya ajiye kilishi da balangu, ya hana a sa masa gishiri a miya, ya karɓo ƙwayoyin hawan jini a kemis ya sha na 'yan kwanaki. Matarsa kuwa ta jiƙa masa zoɓo mai kauri, ba sukari, ta daka tafarnuwa ta zuba. Ita a zatonta magani take yi wa mijinta, har yakuwa ta shuka a bayan ɗaki don kada ya rasa. Ranar awo likita ya tambaye shi ko yana jin jiri, ya ce a'a. Ko yana shan wani magani, ya ce a'a. Allura ta tsaya inda ake so, aka buga hatimi. Kafin ya isa gida ya tsaya wurin mai nama, ƙwayoyin kuma suka koma ƙasan akwati sai wani zagayen. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, yana jin ya fi likita wayo.

Ita matar ba ta taɓa shiga jirgin ba, tsoro take ji. Amma akwai abin da take marmari: ta ga ƙauyen da aka haife ta, wanda ruwan madatsa ya ci tun tana yarinya, an ce daga sama ana iya hango kan rimin ƙofar gidansu. Wata safiya bayan damina ta ɗaura sabon zane, ta yi bisimilla, ta hau. Sun kai kan ruwan, ta hango rimin, ta juyo tana nuna masa da yatsa tana dariya, sai ta ga bakinsa ya karkace. Hannun damansa ya zame daga kan sitiyari kamar tsumma. Da hagu ya yi ta kokawa har ya kawo jirgin gaɓa, amma ƙafar jirgin ta kama kunyar gona, jirgin ya kifa. Masu girbi suka jawo shi da rai, ɓarin jikinsa a shanye. Ita kuwa sai dai a yi mata addu'a.

Bayan sadakar bakwai likitan da ke yi masa awo ya zo gaisuwa, ya riga ya ga hoton zuciyarsa da aka ɗauka a asibiti, ya san ciwon ba na jiya ba ne. Ya zauna a bakin katifa. Sannan ya ce, "Alhaji, hawan jini kaɗai ba ya raba mutum da sama. Da ka faɗa mini, da na ɗora ka kan maganin da aka yarda da shi, ka huta kaɗan, ka riƙa zuwa ina dubawa. In ya yi tsanani, a ba ka takarda mai sharaɗi, ka riƙa tashi da wani matuƙin a gefenka. Ƙofar a buɗe take." Mutumin ya so ya amsa, harshe ya ƙi, sai hawaye ta ido ɗaya.

Yanzu yana nan a gindin darbejiya a tsakar gida. Idan jirgi ya wuce, sai jikokinsa su ɗaga kai suna ihu, shi kuwa sai ya sunkuyar da nasa. Yakuwar bayan ɗaki ta yi ja, ta bushe a tsaye, an rasa mai zuciyar tsinka.

Nan Kyaftin Barau yake tsayawa. Ya ce takardar nan ba don likita ake yin ta ba, don wanda ya yarda da kai ne har ya ɗaura bel a kujerar gefenka. Idan ka shiga ɗakin awo, ka shiga da jikinka na kullum, ba na aro ba. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.