Daƙiƙin Ajin Tarihi

Da alli a hannunsa aka kira Malam A-Taƙaice ofishin shugabar makaranta, ko rigarsa bai samu ya kakkaɓe ba. Shi ne malamin tarihi. Yara ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya faɗin magana uku inda ɗaya za ta wadatar.

Shugaba ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Tun farkon shekara makarantar ta sayi manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa ke kira Na'ura, kuma ita ke duba takardun gwaji. Malami zai tattara takardun ajinsa ya kai wa sakatariya, ta zuba su a injin ɗaukar hoto, ta kulle su a kabad. Na'ura tana gane rubutun kowa, sai ta ba shi lamba maimakon suna, don kada a ce malami ya yi son kai.

"Dubi ajinka, Malam. Kowa kore shar. Sai wannan."

Layi ɗaya ne ja, can ƙasa, lamba saba'in da uku. Na'ura ta rubuta a gefensa: "Ɗalibin ba ya yin gabatarwa, ba ya jera dalilai biyar, ba ya kammalawa da fata nagari. Da alama bai taɓa samun malamin kirki ba."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta tsaya wa Malam a wuya.

"Masu makaranta sun gani," in ji Shugaba. "In yaron nan ya sake faɗuwa a gwajin ƙarshen zango, za a karɓi ajin a ba Na'ura gaba ɗaya. Kai kuma ka koma kula da sito."

Malam ya san siton. Karyayyun kujeru ne a ciki, da wata taswirar duniya da ɓera ya cinye mata nahiya guda.

Neman yaron ya yi wuya. Ajin cike yake maƙil, uku-uku a benci, kuma ba su taɓa hallara duka a rana ɗaya ba: yau wannan na zazzaɓi, gobe wancan ya raka kakarsa asibiti. Ya roƙi sakatariya ta buɗe kabad, ta ce ita ma tana son aikinta. Ya tambayi Na'ura sunan, ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ta kuma ba shi shawarwari bakwai kan yadda ake ƙaunar ɗalibi.

Sai ya shiga gyaran ajin duka. Ya hana su hutun tara. Ya maimaita darasi har muryarsa ta dishe. Ya san sarai yawancinsu a waya suke tambayar Na'urar, su haddace, su zo su juye mata kayanta ta ba su maki casa'in, amma ba su ne damuwarsa ba. Kowane gwaji yakan zauna ya rubuta amsoshin da suka dace, ya haɗa a kai ofis don Na'ura ta san abin da ake nema, to yanzu sai ya ƙara tace su, ya cire duk kalmar da ba ta da aiki. Ya sayi sabon jan biro. Ya daina gaisawa da malamin lissafi, wanda ya fara kiransa Sarkin Sito.

Makin yaron ya ƙara sauka.

"Ko kai wane ne," ya ce wa ajin wata safiya, "uban da ya kawo ka makaranta ya yi asara. Da akuya ya saya, da yanzu ta haihu."

Yara suka kalli juna, kowa yana zargin na kusa da shi.

A gida ma bai huta ba. Matarsa ta ce a bakin abinci ma lambar yake ambata. "Ni dai, Malam, in ka gano yaron ka kawo shi in ba shi abinci. Duk wanda ka sa wa ido haka ai ya rame."

Gwajin ƙarshen zango ya zo ya wuce. Lamba saba'in da uku ya ci maki huɗu cikin ɗari. Na'ura ta ba da shawarar a mayar da shi aji biyu baya, a kira iyayensa, a kuma duba masa ido.

Malam ya miƙa makullin ajinsa, amma ya nemi alfarma ɗaya: kafin ya tafi sito, a nuna masa wanda ya yi masa wannan aika-aika. Shugaba ta tausaya. Ta ce doka ta hana faɗin suna, amma ba ta hana nuna takarda ba.

Aka tara ajin da malamai a babban ɗakin taro, aka sauke labule. Malam ya tsaya a gaba ya harɗe hannu. Karo na farko a rayuwarsa ya shirya doguwar magana, har da gabatarwa. Sakatariya ta kunna majigi, takardar ta bayyana a bango, amsoshi layi bibbiyu, tsaf, babu ko gogewa.

Kowa ya ƙura wa bangon ido. Can daga baya wata yarinya ta toshe bakinta da hannu, dariyar ta fito ta hanci.

Babu wanda ya tambayi mai takardar, don duk ajin sun san rubutun. Shi suke kwafa daga allo kullum, kuma shi sakatariya ke zubawa a inji tare da na yara tun farkon shekara: takardar amsoshin Malam ce.