Fuska Ɗaya Kafin Ƙarfe Tara

Sau talatin Wanzami ya goga askar a jikin fatar wasa aska, sannan ya gwada ta a gashin hannunsa. Ta ci. Hannun da ke riƙe da ita ne dai abin tsoro.

Wata uku ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Ya zo masa da sauƙi, ya tashi, amma ya bar masa 'yar rawa a hannun dama. Auta, 'yarsa mai aikin jinya, ba ta ɓoye masa komai ba.

"Baba, ranar Asabar ƙarfe tara zan zo. Ka nuna mini fuska ɗaya da ka aske babu ɗigon jini. In ba haka ba, makullin shagon nan zai koma hannun wanda ya ba ka haya."

Shekara arba'in yana aski, sai ga shi ya koma ɗan koyo. Ya riƙa hura balan-balan yana shafe shi da kumfa yana askewa. Bakwai suka fashe masa a fuska kafin ya gano cewa in ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, rawar tana kwanciya. Ya daina jan aska mai tsawo irin na burga, ya koma gajere-gajere. Ya koyi kwantar da bakinta, ya bar nauyinta ya yi aikin. Ya lura rawar ta fi yawa in yana shaƙar numfashi, saboda haka sai yana fitar da shi yake ja.

Saura fuska. Da ya roƙi maƙwabta, tela ya ce ya fara tara gemu. Makaniki ya ce matarsa ta fi son sa da ƙasumba, shi da kullum take kora a kanta. Wanzami bai ga laifinsu ba, ko da yake abin ya yi masa ciwo. Wuya ɗaya kowa yake da shi.

Mutum ɗaya ne bai iya ce masa a'a ba, kuma ga shi a gabansa tun ƙarfe takwas, ƙofa a kulle. Tsoho ne, gemun wata uku ya cinye masa fuska. Bai taɓa yarda askar Wanzami ta hau shi ba, ƙanen Wanzami ne ke yi masa har Allah ya yi wa ƙanen rasuwa. Ga shi yana shan maganin tsinka jini, likita ya gargaɗe shi cewa ƙaramin yanka ma zai iya ƙin tsayawa.

Aka rage gemun da almakashi, tawul mai zafi ya yi aikinsa, kumfa ta hau. Tsohon ya kafa masa ido ko ƙiftawa babu.

"Daina kallona haka," in ji Wanzami. "Ni ma tsoron nake ji."

Ya ja fatar kumatu da yatsu biyu, ya ɗora aska. Ya nufi hagu, hannun ya yi dama. Ya tsaya cak, gumi na bin bayansa. Wannan ba ya cikin abin da balan-balan ya koya masa. Ya sake ɗorawa a hankali, ya fitar da numfashi, ya ja. Gashi ya biyo kumfa, fata ta fito fes.

Kumatu biyu suka wuce, haɓa ta wuce. Agogon bango ya nuna tara saura minti goma, kuma saura wuya.

A nan gashi yake juyawa, kowane da inda ya dosa. Ga jijiya tana bugawa ƙarƙashin kumfa, da sauri irin na wanda ya sha gudu. Ya ture fatar zakaran wuya gefe, ya kwantar da askar.

Aka buga ƙofa.

Hannun ya yi tsalle. Wanzami ya ƙame, numfashinsa a ɗauke, idonsa a kan farar kumfar yana jiran ta yi ja. Ya ƙirga goma. Ba ta yi ba.

"Baba, ni ce."

"Ba ni minti biyu, Auta."

Ja huɗu suka rage, ya yi su ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke da ruwan sanyi, ya bi da alimun, wanda ba ya rufa wa yanka asiri. Babu inda ya yi zafi.

Ya buɗe ƙofar. Auta ta shigo ta dubi kujera, ta dubi benci, sannan ta dube shi, jakarta ta zame daga kafaɗarta.

"Baba, da maganin da kake sha?"

"An ce wanzami ba ya son jarfa," ya ce, yana goge tururin da ya rufe madubin, sannan ya kama hannunta ya ɗora a kan wuyansa. "To duba da kyau, wannan ce kaɗai fuskar da na samu."