Saƙon Muryar da Ya Kwana Arba'in

Hafiza ta ɗaga kai ta ga Shamsu a ƙofar ofishin gona na Ƙanƙara, takalminsa duk lakar hanyar Sabuwa.

"Na ji an sa miki rana," ya ce. "Da kin ba ni amsa, ko da a'a ce."

"Amsar me?"

Ya nuna kwamfutarta da haɓa. Ita ce mai sauraron saƙonnin muryar da malaman gona ke bari a manhajar ofis. Nasa kullum maganar tsutsar masara ce, shi ya sa take tara su sai ƙarshen damina.

Ta buɗe na kwana arba'in da suka wuce. Muryarsa ta fito cikin iska: "Hafiza, dutse na hau na sami sabis. A gabanki ba zan iya faɗa ba. In turo magabatana?"

Idonta ya ciko. "Da bakina na ce wa Baba na amince da Abdulganiyu. Har an raba goro."

"To, goge shi."

Ta kai hannu za ta goge, ta kasa. Sai ta mayar da shi cikin waɗanda ba a saurara ba.